Guraben fosdok a jami'o'in Jamus: me mai digiri na uku zai duba kafin ya tura takarda?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Kusan kowane mako sai an turo tallar guraben bincike na bayan digiri na uku, wato fosdok, daga jami'o'in Jamus, yau kimiyyar sinadarai, gobe kimiyyar halittu, jibi lissafi ko kwamfuta. Ƙannenmu da suka kammala suna ta turawa, amsa kuwa shiru kake ji. Masana harkar a taimaka a warware mana: ina ake kuskure, kuma me ake karantawa a cikin tallar kafin a ɓata lokaci?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren farko shi ne ɗaukar dukkan guraben a matsayin abu ɗaya, alhali iri biyu ne. Akwai aikin albashi, inda farfesa ya riga ya samo kuɗi kan wata tambaya, yana neman wanda zai yi masa aikin. Akwai kuma tallafi, inda kai ne ka kawo tambayar, wata gidauniya ta biya, farfesan ya ba ka wuri da kayan aiki. Na farko ƙodago ne a gonar wani, na biyu aron gona ne ka shuka abin da kake so. Takardar da za ta yi aiki a wannan ba za ta yi a wancan ba. Wanda ya tura shafi biyar na burin bincikensa ga farfesan da ke neman mai sarrafa wata na'ura takamaimai, ko sakin layi na biyu ba za a karanta ba.

A tallar aikin albashi, a fara neman layin da ke ɗauke da TV-L E13. Shi ne matakin albashin masu bincike a jami'o'in jihohi. Jihar Hesse na da nata, TV-H, cibiyoyi irin su Max Planck da Helmholtz kuma galibi TVöD suke bi. Sai a duba kason da ke gefensa. Idan an rubuta 65 ko 75 cikin ɗari, mafi yawan lokaci gurbin ɗalibin digiri na uku ne. Na fosdok yawanci 100 ne.

Maman Ilham:
Ƙari kan haka, a duba daga ina kuɗin ya fito, domin shi ke nuna yadda rana za ta riƙa tafiya. Idan gurbin na kasafin jami'a ne, akwai koyarwa a ciki, yawanci awa 4 a mako a lokacin zangon karatu, kuma darussan digiri na farko da Jamusanci ake yin galibinsu. Idan kuɗin wani shiri ne daga waje, misali DFG, hukumar tallafa wa bincike ta Jamus, ko Tarayyar Turai, babu koyarwa a mafi yawan lokuta, amma ranar da kuɗin shirin ya ƙare ranar kwantiragi ya ƙare. Tallar da ta ce ana buƙatar Jamusanci sosai, ba wasa take ba. Wanda bai iya ba ya wuce ta gaba.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara sani. To nawa ne albashin a zahiri? Ana yaɗa lambobi masu ruɗa mutum.

Bazazzagi:
A jadawalin 2025, E13 mataki na 1 ya ɗan haura Yuro 4,600 a wata, mataki na 3 kuma ya haura 5,200, duk kafin a cire komai. Daga ciki za a cire haraji, inshorar lafiya, fansho, inshorar rashin aiki da ta kula da gajiyayyu. Ga wanda ba shi da iyali a can, abin da ke tafiya ya kusa kashi 40 cikin ɗari. Wanda matarsa ke zaune tare da shi ba ta aiki zai iya komawa rukunin haraji na 3, abin da ke shigowa hannu ya ƙaru sosai. Akwai hutun kwana 30 a shekara, da wani ƙarin kuɗi a watan Nuwamba da ya kusa rabin albashi.

Inda mutanenmu ke asara shi ne mataki. Matakai 6 ne, kuma ofishin ma'aikata ne ke ajiye mutum bisa takardun da ya kawo. Shekara 1 ta aikin bincike da ya dace tana kai mutum mataki na 2, shekara 3 mataki na 3. Amma sai an kawo takardar wurin aiki mai ɗauke da ranar farawa, ranar gamawa, da irin aikin da aka yi. Takardar ɗaukar aiki kaɗai ba ta isa ba, domin ba ta nuna tsawon lokacin. Malamin jami'a da ya yi shekara biyar yana koyarwa da bincike ya karɓi irin wannan takarda daga ofishin rijistara tun kafin ya tashi, kuma ya yi maganar mataki kafin ya sa hannu. Bayan sa hannu gyaran yana da wuya.

Na Maraɗi:
Ni dai ina ganin kun ba aikin albashi muhimmancin da ya wuce kima. Ga wanda ya yi digirinsa a Kano ko Yamai, damarsa ta fi yawa a tallafi. Dalili kuwa a fili yake. Farfesan da ke da kuɗin shekara biyu ba ya son wanda zai koya wa na'ura wata shida. Zai ɗauki wanda ya riga ya yi aiki da irinta, kuma ɗakunan gwajinmu ba su da yawancin waɗannan na'urori. A tallafi kuwa ba aljihunsa ake taɓawa ba, don haka ya fi saurin cewa to.

Gidauniyar Alexander von Humboldt na da shiri biyu da suka shafe mu. Na gama-gari yana karɓar kowa daga kowane fanni. Na Georg Forster kuma na masu bincike daga ƙasashe masu tasowa ne, da sharaɗin binciken ya amfani ci gaban ƙasar mai nema. A duka biyun, wanda bai wuce shekara 4 da kammala digiri na uku ba yana neman wata 6 zuwa 24. Wanda ya wuce haka amma bai kai shekara 12 ba yana shiga rukunin ƙwararru, wata 6 zuwa 18, kuma ana iya raba zaman har kashi uku. Wannan rabon ya dace da malamin da ba zai iya barin sashensa shekara biyu a jere ba. Suna biyan kuɗin koyon Jamusanci kafin a fara, akwai kuma tallafin komawa gida bayan an gama.

Bazazzagi:
Ban ƙi ta taka ba, ɗan'uwa, amma a faɗa wa mutane kishiyar. Mai tallafin Humboldt ba ma'aikaci ba ne. Ba a cire masa haraji, gaskiya ne, amma ba ya tara fansho, kuma yawanci inshorar lafiya ta kamfani mai zaman kansa yake shiga. Wasu daga cikin masu arha ba sa ɗaukar cutar da aka zo da ita, wasu ba sa ɗaukar cikin da aka zo da shi. Mai ciwon sukari ko mai sikila ya karanta wannan sashe da kyau kafin ya biya.

Na Maraɗi:
Wannan haka yake. Sai dai duk da haka wanda ya fito da tambayarsa ya fi wanda aka ɗauka ƙodago abin nunawa idan ya dawo.

Dakta Hauwa:
Kada a manta da na Tarayyar Turai, Marie Skłodowska-Curie, domin ya haɗa amfanin biyun: tambayar taka ce, kuma kwantiragin aiki ake ba ka da cikakkiyar inshora. Sau ɗaya ake nema a shekara, ana rufewa a watan Satumba. Dole a ce an riga an kare kundin digiri kafin ranar rufewa, kuma ba a wuce shekara 8 ana bincike bayansa ba. Kada mutum ya zauna a ƙasar da yake son zuwa fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata. Zaman wata 12 zuwa 24 ne, kuma ɗan kowace ƙasa na iya nema. Babban sashen takardar shafi 10 ne kacal, abin da ya haura ba a karantawa. Makin kashi uku ne: ingancin binciken 50, tasirinsa 30, tsarin aiwatarwa 20.

A kashi biyun ƙarshe ake faɗuwa. Mutum zai cika shafi takwas da kimiyya, ya bar shafi biyu ga abin da ke ɗauke da rabin maki. Masu dubawa suna son ganin jadawalin wata-wata, abin da za a yi idan gwaji na farko ya ƙi, abin da kai za ka koya a wurinsu, da abin da su za su koya a wurinka. A zagayen 2024 an samu masu nema sama da 10,000, aka ɗauki kimanin 1,700. Takarda mai kyau ma tana faɗuwa, balle wadda aka rubuta cikin mako biyu. A fara magana da mai masauki, wato malamin da zai karɓe ka a sashensa, tun watan Afrilu ko Mayu, domin jami'o'i da yawa suna da nasu wa'adin na cikin gida kafin na Satumba.

Ga 'yan'uwa mata: shekarun nan 8 ana cire wata 18 kan kowane yaron da aka haifa bayan digirin. Humboldt ma na la'akari da lokacin raino. Mata da yawa suna ƙirga shekaru a kalanda su ce sun makara, alhali ba su makara ba.

Baban Khalifa:
To Dakta, shi mai masaukin ta yaya ake samunsa? A nan ne ake cewa an tura saƙo hamsin babu amsa.

Dakta Hauwa:
Saƙo hamsin ɗin ne matsalar, Malam. Farfesa na gane saƙon da aka tura wa kowa tun daga layin farko. A zaɓi mutum biyar zuwa takwas waɗanda aka karanta maƙalunsu na shekara uku da suka wuce. Saƙon kada ya wuce layi goma sha biyar. Layin farko ya faɗi digirin, jami'ar, da shekarar. Sai a ambaci maƙalarsa guda ɗaya da abin da ta bari a buɗe. Sai abin da kai ke da shi wanda shi ba shi da shi: samfuran sauro daga yankin da bai taɓa samu ba, irin gero ko dawa na gida, bayanan rijiyoyin burtsatse, alaƙa da asibitin koyarwa. A ƙarshe a faɗi sunan tallafin da ake son nema da ranar rufewa. A haɗa CV mai shafi biyu da tsarin bincike mai shafi ɗaya. Dogayen gaisuwa da yabo a bar su, a can ba sa ƙara komai. Idan mako biyu ya wuce shiru, a tuna masa sau ɗaya, daga nan a wuce. Watan Agusta kuwa kusan kowa na hutu.

Sannan ba sai babban farfesa ba. Matasan da ke jagorantar ƙananan rukunoni, irin masu tallafin Emmy Noether na DFG, sun fi amsa saƙo, kuma sun fi zama a ɗakin gwaji tare da mutum.

Malam Injiniya:
Bari in taɓo abin da ba a son faɗa. Jerin maƙalu na kashe takardun mutanenmu fiye da komai. CV mai maƙala 40, 35 daga ciki a mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin kwana goma ba tare da bita ba, ya fi CV mai maƙala 3 muni. Mai dubawa zai ɗauki sunan mujallar ya saka a Scopus ko Web of Science, rumbunan mujallun da aka tantance, minti ɗaya ya ishe shi. Tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu ya koya wa mutane ƙirga adadi, can kuwa tambayarsu ita ce wace maƙala ce kai ne marubuci na farko, kuma me ka gano a ciki. A ware uku zuwa biyar mafi ƙarfi a sama, kowace da layi biyu kan gudunmawarka. A buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, a gyara shafin Google Scholar ya dace da abin da ke CV.

A fannin lissafi da wani ɓangare na fizis, sunayen marubuta bisa jerin haruffa ake sa su, don haka matsayin suna ba ya nufin komai, wasiƙun shaida ne ke magana. A kimiyyar kwamfuta kuma manyan tarukan da ake tace maƙalunsu sun fi mujallu da yawa daraja. Kowa ya bi al'adar fanninsa.

Maman Ilham:
Wasiƙar shaida ma haka. Wadda ta ce mutum mai ladabi ne da riƙon amana, ba ta ce komai kan bincikensa ba, ba ta da amfani. A ba mai rubutawa tallar da CV mako uku kafin wa'adi, a roƙe shi ya ambaci aiki takamaimai, kuma ya tura daga adireshin imel na jami'a.

Wajen turawa kuma: fayil ɗaya na PDF, lambar tallar a kan saƙon, takardar shaidar digiri a ciki. A duba sunan jami'ar da aka yi digirin a rumbun anabin, inda Jamus ke tantance jami'o'in ƙasashen waje, a tabbatar tana da alamar H+, wato an amince da ita. Idan an kira hira ta Zoom, yawanci jawabin minti 15 zuwa 20 ne sai tambayoyi. A lura da agogo: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinmu ɗaya da Jamus, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sun riga Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Hirar ƙarfe 10 a watan Yuni ƙarfe 9 ce a Kano. A tanadi layin intanet na biyu, a tura musu hotunan jawabin tun ana gobe hirar saboda ko da layi ya yanke.

Ɗan Kurmi:
Tambaya daga gefe. Me ya sa ba a maganar Amurka?

Bazazzagi:
Saboda yawancin fosdok a can da bizar J-1 ake shiga. Sanarwar fadar White House ta Disamba 2025 ta dakatar da wannan rukuni ga 'yan Najeriya, ta rufe wa 'yan Nijar ƙofa gaba ɗaya, Chadi da Sudan kuwa tun Yuni 2025 suke cikin jerin. Wanda ke son can ya fara duba matsayin ƙasarsa a ranar da zai nema.

Farfesa Mai Ritaya:
Na karanta duka, kun yi ƙoƙari. Saura ɓangaren gida, wanda ya fi jefa yaranmu cikin matsala. Malamin da aka ɗauki nauyin digirinsa, ko ta TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu na Najeriya, ko ta jami'arsa, ya sa hannu kan yarjejeniyar dawowa ya yi aiki na wasu shekaru. Idan bai cika ba ya tafi, ana iya neman ya biya kuɗin, waɗanda suka tsaya masa ma abin ya shafe su. Hutun shekara guda na bincike a yawancin jami'o'inmu sai an kai babban lakcara an kuma yi shekara shida a jere. Wanda bai kai ba sai ya nemi hutun bincike ko hutu ba albashi, kuma takardar sai ta bi ta shugaban sashe, ta bi ta shugaban tsangaya, ta isa kwamiti. Wannan na cin watanni. A shigar da ita ranar da aka samu amsar farko, kada a jira biza.

Kuma kada kowa ya ajiye aikinsa saboda saƙon imel da ya ce an zaɓe shi. A jami'ar Jamus sai majalisar wakilan ma'aikata ta amince, ofishin ma'aikata ya fitar da kwantiragi. Kafin nan babu abin da ke hannu.

Ga wanda bai shirya dogon zama ba, akwai ziyarar wata uku ta DFG da TWAS, cibiyar kimiyya ta duniya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ga masu bincike daga Afirka kudu da Sahara waɗanda ba su daɗe da kammalawa ba. Wata ukun nan ya isa a san juna, a fitar da sakamakon farko da za a gina babbar takarda a kai.

Maman Ilham:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Kan biza, mai bincike yana shiga ne ƙarƙashin sashe na 18d na dokar zaman baƙi ta Jamus, da takardar yarjejeniyar masauki da jami'ar ke cikawa. Matar mai wannan izini ba a neman ta kawo shaidar Jamusanci kafin ta zo. Abin da ke jawo jinkiri shi ne takardun aure da na haihuwa, domin ofishin jakadancin Jamus a Najeriya ba ya buga musu hatimi kawai, bincike ake yi a kansu, kuma yana ɗaukar watanni. Sunan da aka rubuta Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar digiri, Muh'd a takardar aure, a daidaita shi tun yanzu. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya sani doka mace ɗaya ta yarda ta biyo shi.

Bayan isa, a yi rajistar adireshi cikin kwana 14 da takardar mai gida, domin lambar haraji ta nan take fitowa, idan babu ita a rukuni mafi tsada za a yanki albashin farko. Kuɗin ajiya na haya bai wuce na wata uku ba a doka. A Munich ko Frankfurt haya kaɗai na iya cinye kashi ɗaya cikin uku na abin da ya shigo hannu, alhali albashin kusan ɗaya ne da na Jena ko Magdeburg.

Bazazzagi:
Abu biyu da ba a faɗa sai lokaci ya wuce. Mai kwantiragin bincike na ƙasa da shekara biyar zai iya neman a cire shi daga fanshon ƙari na dole na VBL, amma cikin wata biyu na farkon aiki kawai. Sannan kason fanshon gwamnati da ake cire masa, 9.3 cikin ɗari, wanda ya koma gida zai iya neman a mayar masa bayan wata 24. A adana lambar inshorar da takardun albashi.

Akwai kuma dokar 2007 kan kwantiragin wucin gadi a jami'o'i: iyakarsa shekara 6 bayan digiri na uku, 9 a fannin likitanci, da ƙarin shekara 2 kan kowane yaro. Aikin da aka yi a Jamus kaɗai ake ƙirgawa. Idan suka ƙare mutum bai samu kujerar dindindin ba, sai dai kuɗin shiri daga waje. Kujerun dindindin ƙasa da farfesa kaɗan ne ƙwarai, wannan ne ya tayar da ƙorafin da masu bincike suka yi a kafafen sada zumunta da taken IchBinHanna a 2021.

Na Maraɗi:
Shi ya sa nake cewa a tafi da tambayar da za a iya ci gaba da ita a gida. Dakta Hauwa ta ambaci samfura, to a kula: ba a zuba su cikin jaka a hau jirgi. Ƙasar noma daga wajen Tarayyar Turai haramun ce shigar da ita sai da izinin bincike na musamman da jami'ar can za ta nema. Iri, ƙwari da ƙwayoyin halitta suna ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya kan raba amfanin albarkatun halitta tsakanin ƙasashe, wadda ta fara aiki a 2014, kuma jami'ar za ta nemi shaidar izini daga ƙasar da aka ɗebo su. A rubuta yarjejeniyar miƙa samfur tsakanin jami'o'in biyu, a faɗi wa ke da mallaka, sunan wa zai fito a maƙala, da abin da za a yi da ragowar. Samfurin jinin mutane kuma sai da amincewar kwamitin ɗa'a, kuma takardar yardar da marasa lafiya suka sa wa hannu ta ambaci fitar da shi waje.

Dakta Hauwa:
A saka watannin neman waɗannan izini a cikin jadawalin takardar tun farko. Mai dubawa da ya ga an rubuta gwaji zai fara a wata na 1 da samfuran da ba su iso ba, a nan zai rage maki.